Filin Lafiya: Jan Maganin Ciwon Daji Ba Sammu Ba Ne

A wannan wata, filin lafiya ya kawo labarin wani manomi na ƙasar Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji. Matarsa ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Ba ya ciwo, amma kullum girma yake. Ya kai ta asibiti a Maraɗi. Aka yi awo, aka ce ciwon daji ne. Daga nan aka tura su Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600.

Manomin ya sayar da awaki biyu da dammunan gero, suka tafi. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. A shekarar 2021 cibiyar ta fara aiki da na'urar ƙona ciwon da haske. Can aka sa wa matar magani ta jijiya, ja wur kamar ruwan soɓorodo. Aka ce su dawo bayan kwana 21.

Da suka komo gida, fitsarinta ya yi ja. Ta yi ta amai. Bayan sati biyu da ƴan kwanaki, ana tsefe mata kai, sai gashi ya riƙa biyo hannu. Uwar mijin ta ce wannan sammu ne. Maƙwabta suka ce maganin ya fi ciwon muni. Manomin ya ce ba za su koma Yamai ba.

Sai ya je wurin majo na gidan likitar garinsu, ya ce: "Majo, lafiya na je nema, ga shi na sayo wahala."

Majo ya ce: "Malam, zauna. Ka san ƙuduji a gonar gero?"

Ya ce: "Wane manomi ne bai san shi ba?"

Majo ya ce: "To, haka ciwon daji yake a jiki. Yana yaɗuwa da sauri, yana shanye ƙarfin mai shi. Maganin nan yana bin duk abin da ke tsiro da sauri, ya kashe shi. Gashi yana tsiro da sauri. Haka fatar cikin baki da ta hanji. Haka jinin da ɓargo ke yi. Shi ya sa maganin ke taɓa su. Amma su suna farfaɗowa."

SUNAN MAGANIN

Likitoci na kiran irin wannan magani shimiyo. Jan nan kuma sunansa doksorubisin. An samo shi daga wata ƙwayar halitta mai zama cikin turɓaya, a ƙasar Italiya. Tun shekarun 1970 ake aiki da shi a duniya. Ana yawan ba da shi ga ciwon daji na mama, wanda ya fi kowane ciwon daji kama mata a Nijar. Ba sau ɗaya ake sa shi ba. Galibi sau 4 ne zuwa 6, sati 3 tsakani.

ABIN DA BA NA TSORO BA NE

1. Jan fitsari na kwana 1 ko 2. Launin maganin ne, ba jini ba ne.
2. Zubar gashi. Yana farawa sati 2 ko 3 bayan sawa ta fari. In an gama magani, yana sake fitowa cikin ƴan watanni.
3. Tashin zuciya da amai. Akwai maganinsu, a roƙi likita ya rubuta. A ci abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunu, tuwo mai laushi, ƙwai dafaffe. A sha ruwa mai tsabta da yawa.
4. Gyambon baki. A kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. A bar yaji da goro da taba.
5. Kasala, da baƙin farce. Al'adar mace ma tana iya tsayawa.

ABIN DA BA A KWANA DA SHI

Cikin jini akwai fararen ƙwayoyi. Su ne sojan jiki. Maganin yana rage su, sun fi raguwa tsakanin kwana 10 da 14 bayan an sa shi. A lokacin nan ƙaramar cuta tana iya kashe mutum.

In jiki ya yi zafi har awo ya kai 38, ko ana rawar ɗari, a tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne. Kar a ce zazzaɓin sauro ne a sayi ƙwaya a tebur. Ƙwayar tana ɓoye zafin, cuta kuwa tana ci gaba. A tafi da takardun Yamai a nuna.

Haka kuma in numfashi ya yi wuya, ko ƙafafu sun kumbura, ko zuciya na bugawa da sauri. Wannan magani yana iya raunana zuciya, shi ya sa likita ke auna ta, yana lissafin abin da aka sa tun daga farko. In jini na fita ta hanci ko dasashi bai tsaya ba, ko amai da zawo sun hana shan ruwa, shi ma a tafi. Lokacin da ake sa maganin kuma, in wurin allurar na zafi kamar wuta, a gaya wa majo nan da nan, don in ya zuba waje da jijiya yana cin nama.

AIKIN ƳAN GIDA

Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama tare. Kar a ware mai shi. A kama mata daka da ɗaukar ruwa. Ta kwana cikin gidan sauro. Yaro mai ƙyanda ko mai tari ya nisance ta.

Makiyaya su lura: a tafasa madara kafin ta sha. Kar ta kwashe kashin dabbobi, kar ta karɓi haihuwar akuya ko saniya. Mai shan wannan magani ba ta shayar da jariri, ba ta ɗaukar ciki. In akwai saiwa ko sassaƙen da take sha, a gaya wa likita, kar a ɓoye.

Majo ya ƙare da cewa: "Malam, wanda ya yi noman fari ya ƙi maimai, ciyawa ya yi wa aiki. In kun tsaya yanzu, awakinka sun tafi a banza, ciwon kuma zai dawo da ƙarfi. In wahalar ta yi yawa, likita ke rage magani ko ya ɗaga rana, ba ƴan gida ba."

Manomin ya koma ya bayyana wa mahaifiyarsa. Ran kwana 21 suna Yamai. Matar ta ɗaura kallabi, ta cika maganinta. Kafin kaka ta zagayo, gashi ya fara fitowa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Macen da ta ji ƙullutu a mama kuwa, kar ta jira ya fashe. Zuwa da wuri shi ne rabin magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Sai wata mai zuwa.