Gudu da keke a hutun ƙasar waje: Ku leƙa jakar magani kafin ku tashi



Makon jiya wani dattijo mai shekara 61 da ke zaune a Gwagwalada ya shigo shagonmu da fara'arsa. Ya ce ɗansa ya biya masa hutun mako guda a Kigali, babban birnin Ruwanda, inda ake rufe wasu tituna ranar Lahadi sau biyu a wata domin jama'a su yi gudu su tuƙa keke. "'Yata," in ji shi, "da safe gudu, da yamma keke. Ba ni diclofenac saboda ciwon jiki, da ciprofloxacin ko ciki zai ɓaci."

Na ce, "Baba, yaushe rabonka da hawa keke?" Ya yi dariya ya ce tun yana sakandare. Da na ƙara bincike sai na gano yana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Nan na ja masa kujera, kuma abin da na faɗa masa shi zan faɗa muku.

Haɗa gudu da keke abu ne mai kyau, domin keke na hutar da gwiwa daga dukan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yaro kuma minti 60 kullum. Amma bashin shekara 40 ba ya biyuwa a kwana bakwai, balle a Kigali, gari mai hawa da gangara wanda tudunsa ya kai kusan mita 1,500. Baƙo kan yi haki a can fiye da yadda ya saba, mai cutar sikila kuwa sai ya ga likitansa kafin ya yanki tikiti.

Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Idan mutum ya yi gumi sosai, ga maganin fitsari ya riga ya rage masa ruwan jiki, sannan ya ɗora su a kai, ƙoda na iya tsayawa. Suna kuma ɗaga hawan jini, suna tayar da gyambon ciki. Farasitamol ya fi sauƙi, muddin babba bai wuce giram 4 a rana ba.

Shi kuwa ciprofloxacin, tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kansa cewa yana iya tsinka jijiya, musamman agara. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura 60 ko mai shan prednisolone, wato daidai da Baba. Yawancin zawon matafiya ruwan gishiri da sukari yake buƙata, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba.

Masu ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide, motsa jiki na iya faɗar muku da suga. Ku karya kumallo, ku sa dabino a aljihu, kada ku fita ku kaɗai. Kowane magani ku bar shi a kwalinsa tare da takardar likita. Idan ta Masar ko Dubai za ku bi, ku sani tramadol ba bisa ƙa'ida ba yana kai mutum gidan yari.

Shiri kuma a gida ake fara shi. Na ce wa Baba ya ari keke ya riƙa bin hanyar Paikon Kore bayan sallar asuba, kafin ranar Gwagwalada ta buɗe. Zai tarar da manoma sa'o'insa suna tuƙa keke da kayan gona, kuma ba rana ɗaya suka samu wannan ƙarfi ba. Ya fara da minti 15, yau keke, gobe tafiyar sauri, jibi hutu, yana ƙarawa kaɗan kaɗan har mako shida. Ya sa hular kwano, ya yi hattara da babura da shanun da ke tsallaka hanya.

Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri, zafi kwatsam a bayan dunduniya, ko ya ga fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ya tsaya ya nufi asibiti.

Baba ya fita da farasitamol da ruwan gishiri da sukari, da alƙawarin ganin likitansa a duba masa jini da ƙoda. Ya ce na rage masa zumuɗi. Na ce, "Baba, so muke ka dawo mana da tsaraba a kan ƙafafunka."

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.