Sai an gwada akan san na ƙwarai: a kai itatuwan Azbin jami'a

Ɓangarori biyu ne suka daɗe ba su ga maciji da juna a kan batun maganin gargajiya a Nijar. Na farko su ne wasu ƴan boko masu ganin duk abin da aka jiƙa a ƙwarya bokanci ne, bai cancanci shiga aji ba. Na biyu su ne masu tallar magani da lasifika a tashoshin mota da kasuwanni, waɗanda ke rantsuwa cewa gora ɗaya tana warkar da basir da ciwon suga da rashin haihuwa, tare da ƴan uwansu na zamani masu sayen takardar shaidar "lafiya ta halitta" a intanet bayan karatun ƴan makonni. Abin mamaki, duk da gabar da ke tsakaninsu, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a kai sassaƙe da saiwa ɗakin gwaji. Na farko raini ya hana shi, na biyu kuwa tsoron tonon asiri. Mai biyan kuɗin wannan haɗin baki shi ne marar lafiya, musamman a wuri irin Iferwan, inda babban asibiti yake tafiyar sa'o'i a kan hanya marar kwalta.

Ya kamata a buɗe karatun lisans na shekara 3 a kan itatuwan magani da ilimin cimaka a jami'ar Agadas, da reshen aiki a Iferwan. Jami'ar, wadda aka kafa a 2014, ta fi ba da ƙarfi ga ma'adinai da makamashi, kuma ba laifi ba ne a jahar da ke da yuraniyom da gawayi. Amma arzikin Azbin bai tsaya ƙarƙashin ƙasa ba. Iferwan na bakin gandun Azbin da Tenere, wanda aka keɓe a 1988, mai faɗin kimanin hekta miliyan 7.7, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991. A ƙoramun da ke gangarowa daga dutsen Tamgak akwai aduwa da jiga da filasko da tumfafiya, kuma akwai tsofaffin mata Abzinawa da suka gaji sanin amfaninsu daga uwaye da kakanni. Baturiyar Amurka Susan Rasmussen ta wallafa littafi sukutum a kan waɗannan mata a 2006. Ke nan ɗalibin Amurka na iya karanta labarinsu a laburarensa, alhali jikokinsu na cin jarrabawar bakaloreya ba tare da an tambaye su sunan itace ɗaya na ƙoramar garinsu ba.

Masu raini za su ce wannan koma baya ne. To, su dubi maƙwabta. A Mali an kafa cibiyar binciken magungunan gargajiya tun 1968, kuma daga cikin magungunan da ta inganta akwai Laxa-cassia, maganin taurin ciki da ake yi da ganyen filasko, irin wanda awaki ke tattakawa a Azbin. An busar da shi da tsabta, an auna, an ƙunsa, an rubuta yawan da za a sha. A Gana, jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi ta buɗe digirin farko a kan magungunan itatuwa tun 2001. A Abuja, cibiyar NIPRD ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, ta gwada shi, ta fitar da maganin amosanin jini mai suna Niprisan. Babban maganin zazzaɓin cizon sauro na yau ma daga ganye ya fito: malama Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace sinadarin artemisinin a farkon shekarun 1970, ta samu lambar Nobel a 2015. Wanda ya kira wannan bokanci, sai ya daina rubuta wa majinyata shi.

Nijar kanta ba daga banza za ta fara ba. Tun 1980 ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Adjanohoun ya wallafa kundin itatuwan magani na ƙasar. Akwai sashen haɗa magunguna a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, akwai ɗakin gwaji na ƙasa LANSPEX. Abin da ya rage shi ne a haɗa littafi da daji, a kuma horar da matasan da aikinsu ke nan.

Masu lasifika kuwa, kada su yi saurin tafi, domin wannan karatu ba rigar likita zai ɗinka musu ba. Babbar ƙaryar da suke ci da ita ita ce wai abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. Ai zaƙami ma daga ƙasa ya tsiro, ga shi yana haukata samari. Nonon tumfafiya yana lahanta ido, yana kuma taɓa zuciya. Filaskon nan da aka yaba, idan aka zarce ƙima, gudawa yake jawowa har jiki ya bushe, kuma bai dace da ƙananan yara ba. A 2020, da shugaban Madagaska ya fito da wani tsimi yana cewa maganin korona ne, sai kasuwar tazargade ta buɗe a ƙasar Hausa, don kawai an ji dangin ganyen Sin ɗin nan ce. Dangi ba ya nufin abu ɗaya. Barkono da zaƙami ma ƴan gida ɗaya ne a lissafin masana tsirrai. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta riga ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan shan jiƙon wannan ganye a madadin ƙwayar zazzaɓi, saboda ba a san yawan sinadarin da ke cikin kowane kofi ba, kuma shan abin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Haka batun cimaka. A yunwar 2005 mutane da dama sun rayu da anza, kuma kowace uwa ta san sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Furar gero da dabino da cuku ta riƙe ƴan ayarin gishiri a hanyar Bilma ɗaruruwan shekaru. Ɗalibi ya dace ya auna abin da ke cikin waɗannan, ya san me suke ba jiki, me suka rasa. Ya kuma dace ya san cewa yaron da tamowa ta kama sosai asibiti ake kai shi, ba a tsayar da shi gida da garin zogale.

Tsarin karatun ba wuya gare shi ba. A shekarar farko a koyi ilimin tsirrai da sinadarai da halittar jikin mutum, kowane itace da sunansa na Tamajak da Hausa da na kimiyya. A ta biyu a koyi awo da dafi, da yadda ake busarwa da adanawa, da yadda jiƙo ke karo da maganin asibiti a jikin mai hawan jini ko mai ciki. A ta uku ɗalibi ya yi watanni a Iferwan, rabi a gaban tsofaffin mata masu magani, rabi a gidan likita, har ya gane alamomin da ke cewa a ɗauki majinyaci a tafi: yaro mai zazzaɓi da taune-taune, mace mai zubar jini, wanda maciji ya sara. Kuma duk sirrin da wata tsohuwa ta bayar, a rubuta shi da sunanta da yardarta, a ba ta haƙƙinta idan ya zama haja, kamar yadda yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanada.

Kafin hukuma ta motsa, malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suna da aikin da ba ya bukatar kasafin kuɗi. Kowane aji na iya tattara ganye, ya busar, ya manna a takarda, ya rubuta suna da wurin tsiro da abin da kaka ta faɗa. Ranar 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, a baje wannan aiki maimakon dogayen jawabai. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fari yana cin itatuwan, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta rasu bana ba a rubuta saninta ba, ba wata jami'a da za ta iya dawo da shi baɗi.