Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Idan aka tsinci gawa ba a san wanda ya yi kisan ba, 'yan sandan ƙasashen Turawa sukan kira masanin halin ɗan Adam. Yakan duba wurin da abin ya faru, da irin raunukan, da lokacin, sa'an nan ya kintaci shekarun mai kisan, da sana'arsa, da unguwar da yake zama. Hukumar FBI ta Amurka ta kafa sashen wannan aiki a 1972. Ra'ayina shi ne, kintacen yana iya nuna inda za a fara nema, amma ba shaida ba ne.

Amfaninsa ya fito a Ingila a 1986, sa'ad da masani David Canter ya zayyana halin wani mai kashe mata kusa da tashoshin jirgin ƙasa. Bayaninsa ya sa 'yan sanda suka mai da hankali kan John Duffy, wanda dā ma yana cikin jerin waɗanda ake zargi. Duk da haka, shaidun da aka kawo kotu ne suka kai shi kurkuku a 1988.

Ga kuma ɗaya gefen. A watan Yuli na 1992 aka kashe Rachel Nickell a wani filin shaƙatawa a Landan, a gaban ɗanta ɗan shekara 2. Wani masani ya zayyana halin mai kisan, sai 'yan sanda suka ga Colin Stagg, mai zaman kaɗaici da ke yawo da karensa a filin, ya dace da bayanin. Suka sa 'yar sanda ta yi kamar tana sonsa don ta jawo shi ya amsa laifi. Bai amsa ba, amma ya yi wata 13 a tsare kafin alƙali ya yi watsi da ƙarar a 1994. Yana tsare ɗin ne, a Nuwamba 1993, ainihin mai kisan, Robert Napper, ya kashe wata mace da 'yarta. Sai a 2008 Napper ya amsa kashe Rachel, bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya tona shi.

Wani zai ce wannan ai labarin Turawa ne. To, mu dubi gidajenmu. Magidanci ya mutu farat ɗaya, kafin a dawo daga maƙabarta an gama yanke wa matarsa hukunci domin ba ta yi kuka sosai ba. Yaro ya rasu, sai a nuna tsohuwar da ba ta da kowa, a ce mayya ce. Shi masani yana da iliminsa, ya kuwa kai mutane ga kuskure, balle mu da ba mu da komai sai tsegumi.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. Maimaitawar Shari'a sura 19 ta hana a hukunta mutum da bakin mashaidi ɗaya. Sura 21 kuwa ta yi magana kan gawar da aka tarar a jeji ba a san mai kisan ba: dattawan gari mafi kusa za su karya wuyan karsana, su wanke hannuwansu, su roƙi gafara. Ba a ce su kama wanda fuskarsa ba ta yi musu ba.

Saboda haka, idan mutuwa ta zo da alamar tambaya, a kai rahoto ga 'yan sanda, a yarda likita ya binciki gawar kafin a binne. Dattawan ikkilisiya su tsaya wa gwauruwa da tsohuwa har gaskiya ta fito. Duk ranar da aka ɗora laifi a kan marar laifi, mai kisan yana can yana yawonsa.

Ubangiji ya tsare bakinmu daga shaidar zur. Amin.