Tabarkat: Dutsen Da Ke Raba Arzikin Zinariya A Arewacin Agadas

A watan Oktoban 2025 farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 4,000 kan kowane oza, wato kimanin giram 31. A shekarar 2014, lokacin da aka gano zinariya a Tchibarakaten, wurin da jama'a suka fi sani da Tabarkat, oza ɗin bai kai dala 1,400 ba. Duk da haka matasa da yawa na Damagaram, Maraɗi da Tawa suna dawowa daga can da abin da bai taka kara ya karya ba. Wani ɓangare na dalilin yana cikin irin dutsen da ake haƙowa.

Tabarkat tana arewacin jihar Agadas, dab da iyakar Aljeriya, ɗaruruwan kilomita daga Arlit. Ƙasar wurin tana kan tsohon dutse iri ɗaya da na tsaunukan Abzin da na Hoggar a Aljeriya. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce manyan ɓangarorin ƙasa sun yi karo a wannan yanki, dutse ya tsattsage. Ruwa mai tsananin zafi ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin ƙasa ta cikin tsagogin, ɗauke da ma'adinai. Da ya huce, sai ya bar farin dutsen ƙanƙara, zinariya na maƙale a cikinsa. Wannan farin layi shi ne mahaƙa ke bi kamar jijiya. A irin wannan dutse ne Aljeriya ta buɗe mahaƙun Tirek da Amesmessa.

Labarin gano wurin ya faro daga gabas. Neman zinariya da na'urar gano ƙarfe ya bunƙasa a Sudan, ya shiga yankin Tibesti na Cadi, sannan ya iso Djado a Nijar cikin watan Afrilun 2014. Watanni kaɗan bayan haka aka gano Tabarkat. Amma wuraren biyu ba irinsu ɗaya ba. A Djado zinariyar tana kusa da saman ƙasa, guntu-guntu cikin rairayi da tsakuwa. Mai na'ura da mota da sa'a yana iya samun rabonsa cikin kwanaki. Irin wannan zinariya saurin ƙarewa take yi, kuma a 2017 gwamnati ta rufe Djado. Da yawa daga mahaƙan wurin suka koma wasu wurare, ciki har da Tabarkat.

A Tabarkat sai an bi jijiyar zuwa ƙasa. Rijiyoyi suna nitsewa gomman mitoci cikin dutse mai tauri. Ana buƙatar nakiya, injin fasa dutse, janareta, igiya da man fetur. Ruwa da abinci kuwa daga nesa ake kawo su a mota, da tsada. Idan an fito da dutsen, ba a ganin zinariyar da ido sai jefi-jefi: dole a niƙa shi ya zama gari, a wanke, a kama zinariyar da sinadarin merkur. Shi ya sa ake lodin buhunan dutse zuwa wurare irin su Gidan Daka da ke Arlit, inda masu jari ke sake sarrafa ragowar garin da sinadarin siyanur.

A nan ne rabon arziki yake karkata. Duk mitar da rijiya ta ƙara zurfi, kuɗin aiki yana ƙaruwa. Mai rijiya ko wanda ya zuba jari shi ke ciyar da ma'aikata, kuma a bisa al'adar wuraren haƙa yakan cire abin da ya kashe kafin a raba saura. Idan jijiya ta ɓace, lebura ya yi aikin watanni a banza. Idan ta ba da zinariya, mai injin niƙa, mai motar ruwa da mai saye duk suna da kasonsu kafin nasa. Abin da ba a raba shi da kowa shi ne haɗari: rugujewar rami, ƙarancin iska, ƙurar ƙanƙara da ke lalata huhu sannu a hankali, da tururin merkur. Mutanen Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, a watan Nuwamban 2021 ba, inda rami ya rufta ya kashe aƙalla mutum 18.

Hukumomin Yamai sun sa ikon ƙasa kan ma'adinai a gaba: a 2025 sun mayar da kamfanin uranium na Somaïr da kamfanin SML mai haƙar zinariyar Samira hannun gwamnati. Sai dai Tabarkat ba kamfani ba ce da za a karɓe da takarda ɗaya. Rijiyoyi ne da hannaye masu yawa, kuma mafi yawan zinariyar da Nijar ke fitarwa Dubai take nufa. Rufe wurin kamar yadda aka yi wa Djado zai jefa dubban matasa cikin zaman kashe wando a yankin da makamai ke yawo.

Abin da ya fi amfani shi ne a fara daga dutsen. Masana ilimin ƙasa na ma'aikatar ma'adinai su auna inda jijiyoyin suka bi da zurfinsu, a sa ƙa'idar tokare ramuka da shigar da iska, a buɗe wuraren saye na hukuma masu sikeli na gaskiya da farashi a bayyane, a kuma rubuta yarjejeniyar rabo tsakanin mai rijiya da ma'aikatansa. Zinariyar saman ƙasa ta riga ta ƙare. Wadda ta rage tana zurfi, kuma kowace shekara fito da ita na ƙara tsada da haɗari.