Kwana uku a mako sun isa ga mai neman sauri

Wani aminina mai rumfar atamfa a Maraɗi ne ya kawo mani kuka. Shekara 2 ke nan yana gudun kilomita 5 kusan kowace safiya, amma minti 30 ɗin da ya fara da su, su ne har yau. Ya ce zai daina, wai girma ya zo, ga kasuwa ba ta barin mutum.

Na ce masa laifin ba na shekaru ba ne. Jiki tamkar jakin fatake yake: tafiyar da aka saba masa, ita yake riƙewa.

A shekarar 1954, Roger Bannister ɗalibin aikin likita ne a Landan, lokacinsa na gudu kuwa bai wuce hutun cin abincin rana ba. Yakan zagaya fili sau 10, kowane zagaye kimanin mita 400, da ƙarfi, yana hutawa minti 2 a tsakani. Ranar 6 ga Mayu ta wannan shekara, a Oxford, ya zama na farko da ya yi mil ɗaya, wato mita 1609, cikin ƙasa da minti 4. Ba cewa na yi aminina zai kamo shi ba, amma dabarar ta kowa ce.

Ga abin da na tsara masa. Ran Talata, bayan sallar asuba, ya ɗumama jiki minti 10, sannan ya yi mita 400 sau 6, da saurin da ya ɗan zarce na tsere, yana takawa minti 2 a tsakani. Duk bayan mako 2 ya ƙara ɗaya, har su kai 10. Ran Alhamis, minti 20 ba tsayawa, da saurin da zai iya amsa gaisuwa amma ba zai iya ciniki ba. Ran Lahadi, awa ɗaya a hankali. Duka ba su cika awa 3 ba.

Ranar Lahadin nan ce ke kayar da manya. Da zarar samari sun wuce Alhaji a kan titi, sai kunya ta sa ya ƙara mai, ya wayi gari Talata ƙafa ta yi nauyi, gudun sauri ya lalace. Gudun sannu shi ke ƙarfafa zuciya da numfashi, kuma a kwanakin hutu ne tsoka ke gyaruwa. Wanda ya cinye su ya ci uwar kuɗi.

Da bazara kada rana ta fito ta tarar da kai a hanya. Mai hawan jini kuma ya fara ganin likita kafin ya taɓa gudun Talata.

Aminina ya yi gardama, wai kwana 4 na hutu lalaci ne. Mun dai shirya: bayan mako 6 zai sake auna kilomita 5 ɗin a hanyar da ya saba, ni ne mai riƙe agogo.