Lemun Gaya na ruɓewa a buhu, kantunan Yamai na sayar da na kwali

Jama'ar Gaya da kewaye, babu mai koya muku noman lemu. Ruwan samanku ya fi na ko'ina a Nijar, ga kogin Isa, ga garake cike da lemun zaƙi, tanjalo da lemun tsami. Wahalar tana farawa ne ranar da lemu ya nuna.

Da sanyi ya shigo kowa ke tsinka lokaci guda. Mai garka ba shi da wurin ajiya, ga bashin taki da na man injin ban ruwa a wuyansa, don haka dillali ke yanka farashi. Wani ma tun lemu na bisa itace yake saye garkar ɗungurungum. A cusa a buhu, a danne cikin mota, a kama hanyar Doso zuwa Yamai, kusan kilomita 300, ga rana, ga shingayen bincike. Kafin a sauke a Katako na ƙasan buhu ya fashe, ya ɓata na kusa da shi. Dillali ya san da wannan asara, tun a garka ya cire ta daga kuɗin manomi. A Yamai ɗin kuma, kantuna cike suke da ruwan lemun kwali da aka shigo da shi daga waje.

An yi bikin buɗe layin dogo daga Yamai zuwa Doso a 2016. Ku tambayi masu neman ƙuri'arku yau: buhun lemu nawa ya taɓa ɗauka?

Mu ba jirgi za mu yi muku alkawari ba. In kun zaɓe mu, za mu fara da rumbun sanyi mai aiki da hasken rana a hannun ƙungiyoyin manoma, da akwatuna a madadin buhu, da tantance lemu tun a garka: mai kyau ya tafi Yamai, Kamba ko Malanbil da farashinsa. Ƙanana da masu tabo a bawo, waɗanda dillali ke ƙi alhali cikinsu lafiya lau, su shiga ƙaramar masana'antar matse ruwan lemu nan Gaya. Ɓawon ma ba na zubarwa ba ne, a shanya shi dabbobi su ci. Mata masu tallar lemu a tasha da matasanmu da ke tsallaka iyaka neman aiki, su za a fara ɗauka.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar garkarku, namu ko nasu, ku sa ya faɗi a gaban jama'a inda zai gina rumbun, da watan da zai fara.