Kuɗin Jitar Ƙungiya Ba Na Gwaji Ba Ne

Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya sabunta.

Sati biyu ke nan ana cacar baki a guruf ɗinmu na WhatsApp kan jita mai lantarki da za a saya wa 'yan kiɗan ƙungiya saboda daren al'ada. Wasu sun hango wata ja wur a babbar kasuwar Anacha, an rubuta mata Fender da ruwan zinare, kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar hannu ba. Su kuma 'yan injiniya sun ce a damƙa musu kuɗin su yo odar sassa daga Chaina su harhaɗa da hannunsu, wai zai fi arha, kuma wai za a koyi wani abu. Ni a ganina duka biyun zubar da kuɗin mutane ne, kuma ta biyun ta fi ban tsoro domin ita ce ta zo sanye da rigar ilimi. Kuɗin nan fa karo-karo ne. Akwai ɗalibin da ya bayar alhali garin kwaki zai jiƙa da daddare. Akwai iyayenmu masu albasa da masu suya da masu shayi na Borokiri da suka sa hannu a aljihu don an ce musu yaran Arewa ne za su fita kunya a gaban jama'a.

Ta Anacha ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Sabuwar Fender ƙirar Amurka ta haura dala dubu, ku kuma kun san inda naira ta faɗa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023: daga wajen 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. To ku buga lissafin. Wanda ya ce zai ba ka ita a kuɗin waya, sitika ya sayar maka. Jabun nan sana'a ce babba, a ƙarshen 2024 kwastam na Amurka sun kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. Abin da ya dame ni da jabu shi ne inda maƙerinta ya kashe kuɗinsa: a fenti da tambari, abin da ido ke gani a shago. Kunnuwan ɗaure tsirkiya kuwa da ƙarafunan wuya, waɗanda su ne jitar, ya sa mafi araha da ya samu. Za ka saita ta, kafin a gama waƙa ɗaya ta saki.

Yanzu ga 'yan injiniya, kuma ina girmama su, da yawansu sun fi ni kai. Hujjarsu da suke ta turowa ita ce Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, da Ibrahim Ag Alhabib na Tinariwen da ya yi tasa da gwangwani da sanda. Gaskiya ne, an yi haka. Mdou ma kusan namu ne, kundinsa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, waƙoƙin suka dinga yawo daga waya zuwa waya ta bulutut. Amma ku tambayi kanku me ya sa ya yi. Yaro ne a garin da babu shagon kayan kiɗa, a gidan da ba a son ya yi kiɗan. Babu ce ta sa shi. Ranar da ya samu jita ta sosai ya rungume ta, ku duba bidiyoyinsa na yanzu, Stratocaster ta bahago ce a wuyansa. Mu kuwa muna zaune a garin da kusan kowane layi akwai coci mai cikakken ban, jita na hannu suna ta canza masu. Ɗaukar labarin wanda ya rasa a mayar da shi tsarin kashe kuɗin wanda ya samu, wannan ba koyi ba ne, son burgewa ne.

Sai Brian May na Queen, wanda shi ma aka ambata. E, shi da mahaifinsa suka ƙera tasa, sun fara a 1963, wuyanta ma daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki aka sassaƙo shi. Abin da ba a faɗa a guruf ba shi ne mahaifin nasa injiniyan lantarki ne mai kayan aiki a gida, kuma aikin ya ci kusan shekara biyu. Daren al'adarmu saura wata nawa? Af, kuma shi Brian ɗin ya ajiye digirinsa na uku ya bi kiɗa, bai kammala ba sai 2007, bayan fiye da shekara talatin. Masu furojet a gaban sufabaiza su riƙe wannan.

Na san abin da ke ruɗar mutane. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba, ya tsara tasa a 1950 yadda wuya da jiki za su haɗu da sukuru huɗu kacal. Kana kallo sai ka ce ai wannan ko kafintan bakin titi ya yi. To arhar Leo daga yawa ta fito. Masana'anta na sayen kunnuwa da fikof da waya dubu-dubu, kai kuwa shida za ka saya, ka biya kuɗin jirgi, ka biya na kwastam in an tare, ka biya mai kawowa. Ka ƙara da kayan aikin da ba mu da su: injin huda, ƙarfen dalma, magagarin firet, samfefa kala-kala, fenti. Wannan duk kafin a ji sauti ko ɗaya. A lissafin da aka turo guruf ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba, farashin sassan kawai aka jera kamar yadda yake a shafin mai sayarwa.

Kuma sassan ba lallai su shiga juna ba. Gindin wuyan Fender faɗinsa kimanin milimita 56 ne, na Stratocaster mai lanƙwasa, na Telecaster mai kusurwa, su kuma masu kwaikwayo kowa da awonsa. Ka sayi wuya wajen wannan, jiki wajen wancan, su zo ko dai wuyan ya ƙi shiga ramin ko ya dinga rawa a ciki. Sannan ga awon da ba ya yafiya. Tsawon tsirkiya daga sama zuwa jaki a irin wannan jita milimita 648 ne, firet na 12 dole ya faɗo a tsakiya, wato 324. In aka dasa jakin ya kauce fiye da abin da 'yan sukurorinsa za su iya gyarawa, shi ke nan: za ka saita tsirkiya shida su yi daidai a sake, kana danna yatsa can ƙasan wuya sai ka ji kamar akuya ta shaƙe. Mayar da kaya Chaina daga Fatakwal kuwa, wanda ya taɓa gwadawa ya ba mu labari.

Abin da ya fi duka, kuma babu wanda ya tabo shi, shi ne yanayi. Jitar ɗan Arewa mai karatu a nan tana rayuwa ne a duniya biyu. A Borokiri ruwa ya kewaye mu, iskar gishiri ce, ruwan sama na shekara ya haura milimita 2,000, takalmin fata ma in ka bar shi ƙarƙashin gado sati biyu sai ya yi furfura. Katako yana shan wannan laimar ya kumbura, tsirkiya ta yi tsatsa, maɓallan ƙara sauti su fara ƙarar ƙyas-ƙyas. Sai Disamba ta zo, wani ya saɓa ta a mota zuwa Kano ko Gusau, ta faɗa cikin hunturun da ke tsaga leɓe. Katakon ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakin firet ya leƙo gefe yana yankar hannu, wuyan ya lanƙwashe. Wuyan da aka busar da katakonsa yadda ya kamata, mai sandar ƙarfe a ciki da ake juyawa a miƙar da shi, zai jure wannan kai-komo. Wuyan kit mai arha ba ka san yaushe aka sare bishiyarsa ba. Jitar da ta yi shekara biyar ko goma a Fatakwal wuyanta yana nan a miƙe kuwa ta riga ta ci jarrabawar da sabon katako bai zauna ba tukuna.

Shi ya sa nake cewa a nemi ta hannu, mai sunan da ba a jin kunyarsa. Yamaha Pacifica, ko Squier, wadda ita ce ƙanwar Fender ta halak, kamfanin ne da kansa ke fitar da ita tun 1982 don masu ƙaramin ƙarfi. In an ga an rubuta mata Indonesiya ko Chaina a bayan kai, wannan ba aibi ba ne, can ake yin su. Wadda za a guda ita ce mai arha da ke iƙirarin Amurka. Ni Pacifica na fi so saboda dalili ɗaya: yawancinsu suna da fikof mai naɗi biyu a kusa da jaki, wanda ke kashe gurnanin wuta. Fikof mai naɗi ɗaya yana kwaso duk wata ƙazantar lantarki da ke ɗaki, a kan janareta da wayarin irin na hostal ɗinmu kuwa sai ka ji kamar an saki ƙudan zuma a lasifika.

Inda za a samu ba ɓoyayye ba ne. Garin Rex Lawson muke, har titi aka sa wa sunansa a nan Borokiri, a Anacha ne Prince Nico Mbarga ya fitar da Sweet Mother a 1976, yankin nan kuma shi ya haifi Oliver De Coque. Mutanen nan sun yi shekaru masu yawa da jita a hannu, suna da masu gyara, suna da masu sayar da tsofaffi in sun samu sababbi. Akwai sashen nazarin kiɗa a jami'ar da ke Choba, ɗalibansa ajinmu ɗaya da su a darussan gama-gari. Abin da ke hana mu tambayarsu girman kai ne kawai, da wannan ɗabi'a tamu ta zama a tsakaninmu kamar an yi mana shinge. Mu ɗauki ɗaya daga cikinsu mu saya masa abinci ya raka mu. A gabansa za a ɗaga jitar a kalli wuyan daga kai kamar mai auna bindiga, a danna firet ɗaya bayan ɗaya a ji ko akwai mai zizar, a gwada sautin firet na 12 da na tsirkiya a sake, a jona ta a amfilifaya a ƙwanƙwasa kowane fikof da mukulli, a juya maɓallai a girgiza bakin waya. Minti ashirin ya isa. Ƙujewar fenti ba komai ba ce, dalilin neman ragi ce ma. Tsaga a inda wuya ya haɗu da kai kuwa, a ajiye a yi sallama.

Sannan amfilifaya, wadda ɓangarorin biyu suka manta da ita gaba ɗaya kamar jitar da bakinta za ta yi magana. Nan ne batun ya wuce na kuɗi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin wayar da ka jona. In amfilifayar ta samu matsala kuma soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, kamar yadda yawancin ɗakunanmu suke, to kai mai riƙe da tsirkiya kai ne hanyar da wutar za ta bi. Haka Keith Relf na Yardbirds ya rasu a gidansa a Ingila a 1976. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, kada a kaɗa ba takalmi a kan siminti mai damshi, kuma in 'yar gwanjon Amurka ce a duba bayanta, tasu wutar 120 ce tamu 230. Ni da za a bi tawa, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a nan zai tafi, da sabon saitin tsirkiya biyu da jaka mai kauri.

Masu cewa jita ba al'adarmu ba ce, a bar ta kawai, na ji ku. Wanda ya guje ta don addini, wannan tsakaninsa da malamansa ne, ba zan sa baki ba. Amma wanda ke rawa da waƙoƙin fim da aka buga da fiyanon Yamaha ba shi da bakin cewa jita baƙuwa ce. In kuma hannun 'yan injiniya ne ke ƙaiƙayi, ga aiki: Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Ku haɗa kuntigi ko gurmi, ku manna masa ɗan fikof na faranti, ku jona a amfilifayar nan. Kuɗinsa kaɗan ne, in ya lalace ba wanda zai yi kuka, in ya yi kyau kuwa babu wata ƙungiya a makarantar nan da ke da irinsa. Ko ku samo mushen jita wajen masu gyara ku farfaɗo da ita da kuɗin aljihunku, ni ma zan zo in riƙe muku ƙarfen dalma.

Wanda har yanzu yake kan bakansa na odar sassa, ya zo taron Asabar da lissafi a rubuce: kuɗin kowane sashe, kuɗin jirgi da kwastam, kayan aiki da inda za a aro su, ranar da kaya za su iso, da amfilifaya. A ƙasan takardar kuma ya rubuta sunan wanda zai je Borokiri ya yi wa Alhajin albasa bayani in wuyan ya zo ya ƙi shiga.